In Za Ka Tashi Daga Gida, Ka Tashi Da Adireshinka

Wannan shi ne jawabin da Editan wannan jarida ya yi wa ɗaliban ajin dare na yaƙi da jahilci a Nassarawa GRA, Kano. Yawancin ɗaliban masu gadi ne da direbobi da kuku-kuku da masu ba furanni ruwa, waɗanda suka zo neman abinci daga ƙauyuka. Mun buga shi don 'yan'uwansu na gida su ma su amfana.

 

Malaminku ya roƙe ni in zo in yi muku bayani a kan amfanin karatu da rubutu. Na ce masa mutumin da ya wuni a bakin ƙofa cikin rana, sannan ya ɗauko allo da fensir ya zo nan da daddare, ai ba ya bukatar a gaya masa amfanin karatu. Saboda haka na zaɓi abu guda ɗaya ƙarami, watau abin da ya kamata mutum ya yi game da wasiƙunsa idan zai tashi daga gida. Dalilin zaɓar wannan magana kuwa, abin ya taɓa cin gidanmu, kuma a cikin wannan unguwa.

A shekarar 1991 ina yaro ɗan firamare. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, direba ne a wurin wani babban ma'aikacin gwamnati. Muna zaune a boskwata, a bayan gidansa, nan Nassarawa. Mu ba mu da akwatin gidan waya. Duk wanda zai rubuto mana sai ya sa sunanmu, ya sa "ta hannun" maigidan, ya sa lambar jakar wasiƙun ofishinsu. Masinja ya ɗauko, maigida ya miƙa wa Baba a mota. Shekara da shekaru haka muke yi, ba mu taɓa rasa ko ɗaya ba.

A shekarar nan yayana ya nemi shiga wata makarantar koyon aikin jinya. Ya cike takarda, ya sa wannan adireshi. Ana nan sai ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jihar Jigawa daga cikin Jihar Kano, aka sa hedkwatarta a Dutse. Manya daga cikinku kun tuna yadda aka yi. Ma'aikatan da asalinsu mutanen Haɗejiya ne, ko Gumel, ko Kazaure, ko Ringim, ko Birnin Kudu, aka ce su koma sabuwar jiha. Motoci suka yi ta jidar kujeru da fayil-fayil. Maigidanmu yana cikin waɗanda suka tafi. Baba bai bi shi ba, sai muka kama haya a Tudun Murtala.

Mun kwashe komai. Har turmi da taɓarya, har kejin kaji. Abu ɗaya muka bari, shi ne adireshi. Ba wanda ya tuna da shi.

Yayana ya yi ta jira, shiru. Ya ɗauka ba a ɗauke shi ba. Sai bayan wata huɗu wani direba abokin Baba ya zo daga Dutse da ambulan a aljihu, duk ya yi datti. Ashe makarantar ta rubuto tun tuni, ta kira shi ganawa. Wasiƙar ta iso ofishin Kano, aka ga sunan maigida a jiki, aka jefa ta cikin kwalin takardunsa, aka kai Dutse. A can ta kwanta. Ranar da Yaya ya buɗe ta, ɗalibai har sun yi nisa da karatu. Daga nan ya shiga kasuwa, ya zama yaron shago a Kantin Kwari. Allah ya rufa masa asiri, yana da iyali, yana ci yana sha. Amma bai sake komawa makaranta ba.

To, laifin wa? Makaranta ta rubuto. Gidan waya ya kai wasiƙa inda aka rubuta a kai ta. Ofis ya aika wa mai ita. Kowa ya yi aikinsa. Mu ne ba mu gaya wa kowa mun tashi ba. Takarda ɗaya mai layi biyar da kan sarki ɗaya da sun isa.

Abin da nake so ku riƙe da farko shi ne, gidan waya bai san mutum ba, wuri ya sani. A ƙauye in baƙo ya zo ya ce yana neman Wane ɗan Wane, ko yaro zai raka shi. In ya tashi ma za a ce ai ya koma gabas da masallaci. Akawun da ke rarraba wasiƙu ba haka yake ba. Dubban ambulan ne a gabansa. Gari yake dubawa, sai lamba. Bai san kai dogo ne ko gajere ba, bai san an sayar da gidan da kake gadi ba.

Kuma a ƙasarmu yawancin wasiƙu ba gida-gida ake kai su ba. Akwati ake zuba su. Wanda ya taɓa zuwa babban gidan waya na Kano, can kusa da tashar jirgin ƙasa, ya ga ƙananan ƙofofin nan na ƙarfe jere a bango, kowace da lambarta. Mutum yana kama ɗaya haya, ya biya kuɗin shekara, a ba shi mabuɗi. Ma'aikatu da manyan kamfanoni kuwa jaka guda ake ware musu, ita ce kuke ganin an rubuta P.M.B. da lamba. Kusancin nan da tasha ba banza ba ne, domin tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 shi ya riƙa ɗauko jakunkunan wasiƙu daga kudu. Sunan "gidan waya" ma ya samo asali ne daga wayar tangaraho, domin a da aikin wasiƙa da na waya ma'aikata ɗaya ce. Sai a 1985 aka raba su, wasiƙa ta koma hannun NIPOST, tarho ya koma hannun NITEL. "Kan sarki" kuwa, ai hoton kan Sarkin Ingila ne a jikin na zamanin Turawa, sunan ya bi shi har yau.

Yanzu bari mu zo kanmu. Ina tambaya, a cikinku wa ke da akwati da sunansa? Na ga hannu biyu. Sauran fa? Na san amsar. Wani da adireshin maigida yake amfani, wani na shagon da ke bakin titi, wani na ofishin ɗan garinsu. Wannan shi ake kira adireshin aro, Hausawa kuwa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Ba na ce aron laifi ba ne. Talaka da me zai yi? Amma ku dubi unguwar nan da kyau. Nassarawa GRA unguwar masu tashi ce tun asali. Turawan mulki aka gina wa ita, su kuwa yau suna nan gobe an mai da su Zariya ko Sakkwato. Bayansu manyan ma'aikata suka gaje gidajen, su ma canjin wurin aiki bai bar su ba. Yanzu kuma kuna gani da idonku, gidan da kuka sani bara da bishiyoyin mangwaro, bana an sayar, an rushe, an yanka shi huɗu, ko ya zama makaranta ko asibiti. Wanda ya rataya adireshinsa a wuyan mai irin wannan gida, to, ya kwana da shirin ran da za a tashi.

Ga abin da za ka yi. Da zarar ka ji ƙishin-ƙishin ɗin tashi, kada ka jira ranar ɗaure kaya. Ka sami takarda ka zauna, ka rubuta sunan duk wanda ka taɓa ba adireshinka. Ba 'yan'uwa kaɗai ba. Makarantar da ɗanka ya nema. Wurin da ka kai takardar neman aiki. Banki. Ofishin fansho, in kai tsohon ma'aikaci ne ko tsohon soja. Ofishin filaye, in kana jiran takardar fili. Ƙungiyar manoma ta garinku. Za ka yi mamakin yawansu. Kowannensu ka sanar da shi a rubuce. Faɗa da baki ba ta isa a ofis, domin wanda ka gaya wa yana iya mantawa, ko shi ma a canza masa wurin aiki. Takarda kuwa fayil take shiga.

Wanda yake da akwati da sunansa, shi nasa da sauƙi. Gidan waya yana da hanyar juya wasiƙa. Sai ka rubuta wa shugaban gidan wayan da akwatinka yake, ka kai da hannunka, tare da katin shaidarka. Ga yadda za ka tsara ta, malam zai rubuta muku a allo:

Zuwa ga Shugaban Gidan Waya. Bayan gaisuwa mai yawa, ni ne Wane ɗan Wane, mai akwati lamba kaza. Ina sanar da kai cewa zan tashi daga Kano ranar kaza ga watan kaza. Ina roƙon duk wasiƙar da ta zo da sunana a juya mini ita zuwa ga wannan sabon adireshi. Sai ka rubuta sabon adireshin da manyan baƙaƙe, ka sa lambar wayarka, ka sa kwanan wata, ka sa hannu.

Shi ke nan. Ba sai da Turanci ba, ba kuma sai ka biya mai rubuta wasiƙa na bakin kotu ba. Ka yi kwafi biyu, ka ba da ɗaya, ɗayar a buga maka hatimi ka adana. Ka tambayi akawu a kanta nawa ne kuɗin, kuma har tsawon wane lokaci za a yi ta juya maka. Matambayi ba ya ɓata. In ka biya ka karɓi rasit. Abin da akawu zai riƙa yi shi ne ya soke tsohon adireshi da biro, ya rubuta sabo a gefe, ya mai da ambulan cikin jakar garin da ka koma, ba tare da an buɗe ba.

Amma ku lura, juya wasiƙa ba abin dindindin ba ne a ko'ina cikin duniya. A Ingila, inda aka fara yin kan sarki a 1840, mutum yana biya ne a juya masa na wata 3, ko wata 6, ko wata 12. Ana ba ka wannan lokaci ne don ka samu ka sanar da masu rubuto maka. Haka kuma in kuɗin hayar akwatinka ya ƙare ba ka sabunta ba, rufe shi za a yi, daga baya a ba wani. Daga ranar nan asirinka yana hannun baƙo.

Mai adireshin aro fa? Nan ne gizo ke saƙa, kuma nan ne yawancinmu muke. Kai ba ka da ikon zuwa ka ce a juya wasiƙun akwatin da ba naka ba. Gidan waya mai akwati ya sani. In maigida ya sa an juya nasa zuwa Abuja, to, taka ma Abuja za ta bi shi, kamar yadda ta yayana ta bi maigidanmu Dutse. Saboda haka aikinka biyu ne. Na farko, ka je ka durƙusa ka gaya wa mai akwatin, "Ranka ya daɗe, ina jiran takarda daga wuri kaza, in ta zo ga inda za a same ni." Ka ba shi a rubuce. Ka kuma ba masinja ko sakataren da ke ɗauko wasiƙun, domin sau da yawa shi ne mai ganinsu, ba maigida ba. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, ka hanzarta ka ba masu rubuto maka wani adireshin.

Wane iri? Shawarata ita ce ka nemi abin da ba ya tashi. Makarantar firamaren garinku ba ta tashi. Gidan dagaci ba ya tashi. In ta hannun hedimasta za a aiko, a rubuta "Hedimasta" da sunan makarantar, kada a rubuta sunan mutumin, domin shi ana iya canza shi, kujerar kuwa tana nan. Ko kuma ku 'yan gari ɗaya da ke aiki a nan, ku goma ko ashirin, ku haɗa kuɗi ku kama akwati ɗaya da sunan ƙungiyarku, ku damƙa mabuɗin ga mai amana. In an raba kuɗin shekara a tsakaninku ba zai yi wa kowa nauyi ba. Ni wannan ta fi kwanta mini a rai.

Sai kuma yadda ake rubuta sabon adireshin. Mu a ofishin jarida muna shan fama da wannan. Mai karatu zai rubuto wasiƙa mai daɗi, da tambaya mai ma'ana, a ƙarshe ya sa "Naku, Wane, Tudun Wada." Wace Tudun Wadar? Akwai unguwar Tudun Wada nan kusa da mu. Akwai ƙaramar hukumar Tudun Wada can kudancin jihar nan. Akwai ta Zariya, akwai ta Kaduna, akwai ta Gusau. Sabon Gari ma haka. Ita kanta Nassarawa, tun 1996 akwai jiha sukutum mai wannan suna, hedkwatarta Lafiya, kuma a Kaduna ma akwai unguwar Nasarawa. In ka rubuta Nassarawa kawai ka yi shiru, kada ka ga laifin kowa in wasiƙarka ta tafi yawon duniya. Ka sa cikakken suna kamar yadda yake a katin shaidarka, ban da laƙabi. Ka sa lambar akwati, ko lambar gida da sunan titi. Ka sa unguwa ko ƙauye, da ƙaramar hukuma, da jiha. Akwai kuma lambar yanki ta gidan waya mai alƙaluma 6, ta birnin Kano da 700 take farawa, a kanta za a gaya maka cikon ta unguwarku. A bayan ambulan kuma kullum ka sa naka adireshin, don in ba a sami mai ita ba a dawo maka da abarka.

Na ga wani yana murmushi yana taɓa aljihu. Na san abin da zai ce: "Malam, ai yanzu zamanin wayar hannu ne, wa ke rubuta wasiƙa?" Gaskiyarka. Tun da wayar hannu ta shigo a 2001 wasiƙar gaisuwa ta ja baya ƙwarai. Ba mai rubuto maka don ya tambayi lafiyar yara. Amma wadda ta rage ita ce mai nauyin: takardar ɗaukar aiki, takardar fili, takardar shaidar karatu, saƙon kaya, wasiƙa mai rajista wadda sai ka sa hannu za a ba ka. Ba kullum suke zuwa ba, wataƙila sau ɗaya a shekara biyar. Amma in ta wuce ka, ta wuce.

Bari in ba ku misali da dukiya. A shekarun 1970, da kuma bayan 1988 lokacin da gwamnati ta fara sayar da kamfanoninta, mutane da yawa a Arewa sun sayi hannun jari, har da ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa. A lokacin ta gidan waya ake aiko wa mutum takardar ribarsa. Mutane suka yi ta tashi, suka yi ritaya suka koma ƙauye, wasu suka rasu, ba a sanar da kowa ba. Takardun suka yi ta komawa inda suka fito. Kuɗin da suka taru ta haka, waɗanda ba a zo an karɓa ba, biliyoyin naira ne, kuma rashin canza adireshi yana cikin manyan dalilan. Yanzu ta asusun banki ake biya, amma sai mai haƙƙi ko magadansa sun je sun cike takarda. A cikin kuɗin nan akwai haƙƙin marayu. In kun koma gida ku duba tsohuwar adakar mahaifinku. In kun ga takarda mai kauri da hatimi da sunan kamfani, kada a naɗe ƙosai da ita, ku kai wa wanda ya sani ya duba.

Lambar wayar ma ai adireshi ce, kuma ita ma ana tashi daga cikinta. Layin da aka bari watanni ba a amfani da shi, kamfani yana karɓewa ya sayar wa wani. Kai kana can ka sayi sabo, saƙon bankinka yana shiga wayar wanda ba ka sani ba. Don haka in ka canza layi ka je banki ka cike takardar canji, kamar dai yadda za ka yi in ka canza gida. Haka ofishin katin ɗan ƙasa, suna da hanyar gyara adireshi. Katin zaɓe ma, in ka bar Kano ka koma garinku gaba ɗaya, sai ka nemi hukumar zaɓe ta mai da sunanka rumfar da ke kusa da kai a lokacin da ake rajista, in ba haka ba ranar zaɓe sai dai ka yi kallo.

Iyayena mata, ku ma abin ya shafe ku, har ma ya fi. Yarinya za ta yi jarrabawa tana gidan ubanta, kafin sakamako ya fito an kai ta ɗakinta a wani gari. Ana lissafin gado da kwalla da tukwane, ba mai lissafin inda takardarta za ta same ta. A tuna da wannan ma cikin kayan ɗaki.

Saura abu ɗaya, kuma ku masu gadi ya fi shafa, domin hannunku saƙo yake fara faɗawa. In sabon maigida ya tare, aka kawo wasiƙar wanda ya tashi, kada ka buɗe, kada ka yar, kada ka cusa ta saman taga ka manta. Buɗe wasiƙar wani laifi ne a doka, kuma cin amana ne a addini. In ka san inda ya koma, ka soke tsohon adireshin da layi ɗaya, yadda za a iya karanta shi, ka rubuta sabon a gefe, ka mayar gidan waya. In ba ka sani ba ka rubuta "Ya tashi", ka mayar. A da sai ka nemi mai karanta maka sunan da ke jiki. Yanzu kai da kanka za ka karanta. Direban nan da ya ɗauko wasiƙar yayana daga Dutse, a ajin dare irin wannan ya koyi karatu. Da bai iya haɗa baƙi ba, da har yau ba mu san an taɓa kiran Yaya ba.

Yanzu malam zai raba muku takardu. Kowa ya rubuta cikakken sunansa da adireshinsa na nan Kano a sama, na ƙauyensu a ƙasa. Zan zaga in duba ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya gama ya juya bayan takardar ya fara jera sunayen waɗanda zai sanar in tashi ta kama shi. Masu tambaya kuma su ɗaga hannu, ina nan har a tashi.